Wane Dutsen?

Ni dai na ga ta kaina ranar da dangi suka ɗora mini gyaran tarihin zuriyarmu a kwamfuta. Kawu Nazeer ne ya fara shigar da shi shekarun baya, kuma Allah ya ba shi hannun ɓarna. Gari ɗaya, suna huɗu: Dei-Dei, Deidei, Daidai, har da Dede. Na yi tsaki ya fi a ƙirga.

Kakata Kande tana gefena a falonmu na Garki, Abuja, tana ɓare gyaɗa. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga ƙanenta Maliki kafin ta koma ga Allah. Shekara talatin ke nan da ya bar gida Zariya neman aiki, wasiƙa ɗaya tak ya aiko. Kawu ya rubuta shi "Alh. Maliki, Dutse". Sau biyu ana tura mutane Dutsen Jigawa cigiyar wani Alhaji Maliki, suna dawowa hannu rabbana.

Ina haɗa masu Dutse wuri guda sai na ga wata ƙanwar babana a "Dutse Alh.", wato Dutsen Alhaji da ke nan hanyar Bwari. Na juya wurin Kaka.

"Kaka, wasiƙar nan tana nan?"

Ta ciro ta daga ƙasan adakarta, a naɗe cikin leda. A bayan ambulan an rubuta: Maliki, Dutse Alhaji. Ashe Kawu ne ya ga Alhaji a ƙarshe, ya ce ba nan ne gurbinsa ba, ya maido shi gaban suna.

Washegari muka hau tasi zuwa Dutsen Alhaji. Mun tambayi mutum ya fi goma kafin wata mai kosai, Christina, ta ce, "Oga Maliki mai gyara keken ɗinki? Ku bi baya coci, shago na shi yana nan."

Tsoho ne siriri, da irin giɓin Kaka sak. Ya ɗago, sukurdireba ta faɗi daga hannunsa.

"Yaya Kande?"

Kuka suka yi sosai, ni ma na taya su, don daɗi ya isa. Ya ce da amsar wasiƙarsa ba ta zo ba, ya ɗauka fushi ake da shi, kunya ta hana shi komawa. Shekara goma Kaka tana Garki, tsakaninsu tafiyar rabin awa.

Da ta share hawaye ta ƙare masa kallo. "To kai, ashe ko Makkan ba ka je ba?"

"Unguwar ce ta je, Yaya. Ni ina nan ina jiranki."

Da muka koma gida tare da shi na buɗe kwamfuta, na cire Alhajin daga gaban sunansa, na mayar wa unguwa kayanta. Kaka kuwa ba ta ko leƙo ba, tana can tana zuba masa tuwo karo na biyu.