Mai Gora

Dankure bai taɓa sanin ainihin sunan fim ɗin ba. A Argungu, lokacin samartakarsu, Mai Gora kawai ake ce masa. Wani ɗan Caina ne matuƙin jirgin ruwa, 'yan fashi suka ƙone musu gari, ya bi su kogi-kogi, ba bindiga ba takobi, sai gorar tuƙi. Shi da abokansa, Junaidu da Nasrullahi, sun kalle shi a gidan bidiyo har kaset ɗin ya gaji. Washegari in sun fita kamun kifi, sai su miƙe cikin jirgi suna kwaikwayonsa, wani ya tuntsura ruwa.

Yanzu Dankure ya yi furfura. Ran nan ya kai kifin banda kasuwar Birnin Kebbi, ya tsaya a rumfar wani mai tura fina-finai a waya, Zulkifli.

"Baba, mi kaka biɗa?"

"Wani tsohon fim. Ban san sunanai ba."

Ya shiga ba shi labari, har da nuna yadda ake juya gorar. Zulkifli ya yi ta lalube a kwamfuta, yana nuno masa fuskoki. Can Dankure ya dafe tebur.

"Tsaya! Shi na. Wallahi shi na!"

Zulkifli ya tura masa fim ɗin a waya. A mota yana ta taɓa aljihu. Da isarsa gida ya kira matarsa Fatu. Ta zauna, ta ɗan kalla, ta ce, "Wanga tsalle duk ƙarya ta, ga igiya nan bayanai." Ta tashi ta koma wurin tukunyarta.

Junaidu ya daɗe da rasuwa. Saura Nasrullahi, wanda ya koma Fatakwal da sana'ar albasa. Dankure ya buga masa waya.

"Na samu Mai Gora!"

"Wa ke nan?"

"Fim ɗinmu mana. Mai jirgi."

Ƙarar motoci na tashi ta wayar. "Kai Dankure, har yanzu kana nan inda nib bar ka. Ana sauke min kaya, zan kira ka."

Bai kira ba.

Da la'asar Dankure ya tura jirginsa gefen ciyawa, inda ba kowa, ya ɗaure shi, ya jingina wayar a jikin ƙwarya. Hoton ya dushe, sautin na shaƙewa, amma hannunsa na motsi kafin kowane bugu. Igiyar ma ya gan ta. Bai damu ba.

Da aka kashe shugaban 'yan fashin, ya kai hannu zai rufe, sai ya ga fim ɗin bai ƙare ba. A da, daidai nan gidan bidiyo ke kaurewa da ihu, kowa ya yi waje. Ashe akwai saura. Mai Gora ya tuƙo jirginsa ya dawo garinsu. Ba wanda ya tarbe shi. Ya ɗaure jirgin, ya zauna a bakin ruwa, ya buɗe ƙunshin abinci yana ci a hankali, har rubutun ƙarshen fim ya hau kansa.

Dankure ya daɗe zaune. Ya lalubo lambar Nasrullahi, ya dube ta, ya mayar da wayar cikin leda. Ruwa ya fara sanyi, ga kuma taru bai duba ba tun safe. Ya kwance jirgin.