Soson da Ba a Wankewa

Inna mace ce da ko ƙuda ya sauka a kan faranti sai ta sake wanke farantin, ta kuma raka ƙudan da harara. Duk shekarunta na aiki a goge ɗakunan asibiti ta ƙarar da su, har ta yi ritaya hannunta bai daina warin bilic ba. To, wannan hannun ta kawo gidan 'yarta, wadda kowa ke kira Auta, bayan Auta ta haihu ɗan bai zo da rai ba.

Ranar da ta iso, ko ruwa ba ta sha ba ta kwashe kayan jaririn kaf, riguna da safa da 'yar hula, ta cusa a jaka ta ɗora a saman sif. Wai kada yarinya ta gani ta tuna. Sai ka ce Auta mantawa ta yi.

Auta ba ta kuka, ba ta magana, abinci ma sai an yi da gaske. Mijinta direban babbar mota ne, kafin ya koma hanya ya sayo mata sabon tankin gilashi da 'yan kifaye masu launin lemo, ya kafa a falo. Abin mamaki, tankin nan ne kaɗai ke fito da Auta daga ɗaki. Da safe ta barbaɗa musu abinci, ta zauna tana kallonsu. Da Inna ta ga haka sai ta ci ɗamara, ta ce kifayen nan ba su ba ƙazanta.

Ruwan ya soma yin fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Inna ta kwashe kifayen a roba, ta zubar da ruwan duka, ta dirje gilashi da tsakuwa. Ta zaro soson da ke cikin injin tace ruwa, ta wanke shi da sabulu, ta jiƙa a bilic har ya yi fes, ta cika tanki da ruwan famfo. Washegari kifi ɗaya ya juya ciki sama. Inna ta ce datti ne ya yi saura, ta ƙara wanki. Wani ya bi shi. Haka suka riƙa tafiya, tana wanki suna mutuwa, har ya rage guda ɗaya tilo, shi ma ya taso saman ruwa yana hangame baki.

A nan ne Auta ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Inna, ki daina wahalar da kanki. Ni ce. Duk abin da aka ba ni in riƙe, mutuwa yake yi."

Ta tashi ta shige ɗaki. Da safe ba ta fito ba.

Tsoro ya kama Inna, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a asibiti. Ta san in kifin nan ya bi 'yan'uwansa, 'yarta ba za ta ƙara fitowa daga ɗakin nan ba. Ta ɗebi ruwan tankin a gora, ta zuri mayafi, ta nufi shagon da surukinta ya sayo kifayen, tana tafe tana tuntuɓe.

Mai kifi, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zuba ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ruwan ya koma kore shar.

"Guba ce, Hajiya, daga kashin kifin take fitowa. Kina wanke soson injin?"

"Kullum, Malam! Da sabulu da bilic. Ni ba ƙazama ba ce."

Ya dafe kai. "Ai da ma ƙazamar ce ke, da kifinki na nan. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, a cikin soson suke zama, su ke cinye gubar. Sabon tanki ba ya da su, a hankali suke taruwa. Duk sanda suka fara taruwa sai ki kashe su. Ga sauran sabulu, ga maganin da ake zuba wa ruwan famfo, shi ma yana ƙona kifi."

Inna ta zauna a kan wani bokiti da ba ta ko duba tsabtarsa ba.

Mai kifi ya tura hannu cikin tsohon tankinsa, ya zaro wani soso baƙi ƙirin, yana yauƙi, yana ƙarni. Ya sa a leda da ɗan ruwa, ya haɗa mata da maganin gyara ruwan famfo.

"Ki sa shi yadda yake. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan za ki riƙa canzawa. Abinci ki rage."

"Zai rayu?"

"Ban yi miki alkawari ba, Hajiya. Ki dai hanzarta."

Da farko da yatsu biyu ta riƙo ledar, tana yamutsa fuska. Kafin ta kai gida ta rungume ta a ƙirji, ruwan ƙarni na ɗiga a rigarta.

Ta tarar da Auta a falo, tsaye gaban tanki, tana jiran ƙarshen kifin. Yana nan, yana motsi da ƙyar.

"Auta, ba ke ba ce," in ji Inna. "Wallahi ba ke ba ce. Ni ce na kashe su, da sabuluna. Abin da ke raya su nake wankewa."

Ta miƙa mata ledar. Auta ta dube ta, ta dubi ledar, ta karɓa. Da hannunta ta ciro baƙin soson, ta cusa shi a inji. Ruwan ya ɗan yi duhu. Ta tsaya, dattin na gangarowa har gwiwar hannunta.

Inna ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ga tawul ba.

"Bari, Inna," in ji Auta, hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar haihuwa suna zubo mata. "Bar shi haka. Jakar nan da kika ɗora a saman sif, ki sauko min da ita."

Inna ta ajiye tawul, ta jawo kujera zuwa gindin sif ta hau.