Madarar Rafi

Hannun Inna ya sake tsagewa. Auta ta ɗora shi a cinyarta tana shafa masa mai, jini na tsattsafowa tsakanin yatsun kamar jan zare.

"Injiniya guda, kin ƙare a shafa mai," in ji Inna tana dariya. "Rafin nan ne. Yau fari sol yake, sai ka ce madara."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta san madarar. A masana'antar da take aiki ake tsoma sandunan alminiyum na tagogi cikin ruwan soda, a ɗauraye, a tsoma cikin asid, a sake ɗaurayewa har su yi sheƙi. Ruwan ɗaurayar kuwa bututu ne ke kai shi rafin da Inna da ƙawayenta ke wankau. Da umarnin Auta ake buɗe shi.

*

"Yau ba za a buɗe bututun ba, ranka ya daɗe," in ji Auta.

Manaja ya sauke tabarau. "To, shanyewa za ki yi?"

Ta ajiye kwalabe biyu a teburinsa, ta juye ɗaurayar soda cikin ta asid. Suka kashe kaifin juna. A hankali farar laka ta kwanta, ruwa garau ya tsaya a sama.

"A tace wannan, ya koma kwamin ɗauraya. Lakar kuma a yi alif da ita, irin na tsarkake ruwa."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. "In sanda ɗaya ta fito da tabo, ki nemi wani aikin."

*

Ranar gwaji, ƙugiya ta ɗago sandunan daga ruwan da aka maido. Auta ta runtse ido.

"Buɗe idonki, Injiniya," in ji mai walda. "Ga fuskata nan a jiki, har da giɓina."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Kafin a tashi, mai walda ya liƙe bakin bututun da wuta.

*

Bayan damina, Auta ta raka Inna rafi. Tsohuwar ta tsoma hannu har gwiwa, ta bar shi ya jima.

Yatsunta biyu sun sandare tun lokacin madarar, ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Da su ta nuna wa Auta 'yan talibambam suna wutsil-wutsil a gindin dutsen wanki.