Gemun Farfesa a Cikin Jel

Rinin shuɗi dai ya gama wulaƙanta ni. Digirina gaba ɗaya a kan wani ɗan mitsitsin furotin ya rataya, kuma ba mai yarda akwai shi sai ya fito a matsayin layi a jikin jel, wato ɗan faifan nan mai kama da daskararren kamu da muke tace furotin da shi a ɗakin gwaji. In zuba samfur, in rina, in wanke, in ɗaga wajen fitila: wayam. Ga samfurin ya kusa ƙarewa, saura ɗan guntu a gindin kwalba.

Sai Farfesa, mai duba aikina, ya ce mu koma rinin azurfa. "Wannan ko ƙurar furotin ce sai ya tona mata asiri."

Ya kuwa tona. Layi ya fito ɓaro-ɓaro. Farfesa ya sunkuyo kan tiren yana shafa gemu, yadda ya saba duk lokacin da nake haɗa jel, ya ce, "'Yar nan, kin gama."

Ni kuwa na ƙara duba jel ɗin da kyau. Layin ya yi sama da inda nawa ya kamata ya tsaya, kuma har a ramin jel ɗin da ban zuba komai a ciki ba ya fito. Furotin ɗin fatar mutum ne. To fatar wa? Hannuna da safa, kaina a rufe. Ina ɗaga ido na ga amosani yana sauka daga gemun nan a hankali, kamar ana barbaɗa gishiri.

Ta ina zan fara? Gemun da ya girme ni, mai matajinsa na musamman a aljihu.

"Ranka ya daɗe," na ce, "gemunka muka rina."

Ya dubi jel, ya dubi kwalbata, ya fita. Na ce shi ke nan, ba furotin, ba malami.

Washegari wani dattijo ya shigo, haɓa fes.

"Baba, wa ake nema?"

"Zuba samfurinki," in ji muryar Farfesa. "Matata ma sai da ta yi mini wannan tambayar."

Na zuba na ƙarshe, shi yana can bakin ƙofa. Da la'asar layin ya fito, siriri, shi kaɗai, daidai inda ya kamata. Farfesa ya kai hannu zai shafa gemu, ya shafo iska. Dariya na so yi, sai ga hawaye.

"Matsa daga kan jel ɗin," ya ce. "Hawaye ma akwai furotin a ciki."