Ƙauyen da Ba a Sata

Shekara guda bayan an yanke Jigawa daga Kano aka sace wa Gana injin ban-ruwa. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Duk wanda ya ratsa fadamarmu, gabas da Haɗejiya, yana jin ƙuginsa a gonar ƙanin matar mai garinmu, Bulama Haladu, an shafe shi da koren fenti ana ba albasa ruwa. Tattasan Gana kuwa ya fara yaushi. Shi da matarsa 'Yar'azumi suka koma jidar ruwa da garwa daga kogi, aikin da ko jaki aka sa sai ya yi gardama.

Ana cikin haka sai ga Malam Irmiya a kan babur. Mutumin Filato ne, yana koyarwa a garin Malam Madori, ya samu aikin yi wa mutane tambayoyi a lokacin hutu. Wai wasu masana ne a Turai suke son sanin ƙasar da aka fi cutar mutane, kuma tunda ba kowa ke kai ƙara wurin 'yan sanda ba, sai a tambayi mutanen da bakinsu. A tambayi na ƙasar Holan, a tambayi na Masar, a tambaye mu, sannan a jera a gwada.

Gana ya yi murna, bawan Allah. A ganinsa, in maganar injinsa ta shiga takardar Turawa ta je inda ta fi ƙarfin Bulama.

Shi kuwa Bulama kalma ɗaya ya riƙe a duk bayanin: za a gwada. Bayan la'asar ya tsayar da magidanta a ƙofar masallaci, ya ce gasa ce ta ƙasashe, kuma ba a zamaninsa za a kai sunan garin nan Turai a ce matattarar ɓarayi ce ba. Sabuwar jiha, sabuwar gwamnati, wa zai haƙa wa ɓarayi rijiyar burtsatse? Mutane suka yi ta gyaɗa kai kamar sun san inda Holan take. Da aka watse ya ja Gana gefe, ya ce ya rufa wa gari asiri, baƙo na tafiya zai sa a mayar masa da kayansa.

An umarci Irmiya ya sami kowa a gidansa, shi kaɗai. Masu umarnin ba su san baƙo namiji ba ya wuce zaure a nan ba. Sai Bulama ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a nasa zauren, aka dama fura, ya zauna daf da shi don girmamawa, dattawa suka kewaye. Mata kuwa ba wadda aka tambaya.

Tambayar farko ita ce ko an taɓa sace maka mota. Wannan kowa ya amsa da gaskiya, tunda ba mai mota a garin. Daga nan fa ƙarya ta samu wurin zama. Isa, wanda aka kwashe masa awaki ana gobe Sallah har ya yi kuka a kasuwa, ya ce tafiya suka yi da ƙafarsu. Masuncin da aka yanke wa koma ya ɗora wa kada laifin. Ni da nake zaune a wurin, kunya ta hana ni ɗaga kai, haushi kuma ya cika ni.

Aka zo kan Gana.

“Malam Gana, a 'yan shekarun nan an taɓa ɗauke maka wani abu naka?” in ji Irmiya.

Gana ya dubi Bulama. Bulama yana duban furarsa.

“Ba a taɓa ba.”

Irmiya ya ga kantar garwa a kafaɗarsa, ya sassauta murya ya ce ko da kayan noma ne. Gana ya ce shi dai sai godiya. Malamin ya ɗan jira, sannan ya rubuta abin da aka faɗa masa. Da yamma ya ɗaure takardunsa a bayan babur, ya tafi da ƙauyen da ya fi Holan aminci.

Gana ya ba da 'yan kwanaki don kada a ce ya cika gaggawa. Da ganyen tattasai ya fara zuba, ya je zauren, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya tuna wa Bulama maganar inji.

“Wane inji?” in ji Bulama. “Ba a nan ka zauna ka ce ba a taɓa ɗauke maka komai ba? Magana ta riga ta kai Turai. So kake a ce garin nan duk maƙaryata ne, ko kai kaɗai?”

Dattawa suka shaida da kunnensu suka ji. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa ƙazafi ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a nemi gafara.

Gana ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ba Bulama haƙuri.