Madubin da Usta Yadollah Ya Ɓamɓare

Da hannun Usta Yadollah, babban gwanin adon madubi, bai fara rawa ba, wallahi da ba zai taka ƙofar ƙaninsa ba. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida. Amma ga adon rufin hubbaren unguwarsu a Shiraz saura kashi ɗaya cikin uku, kuma duk ƙasar babu wanda ya iya jera gutsattsarin madubi irin na gidansu sai ƙanin nasa Nosrat, wanda rabonsa da shi shekara goma sha tara. Dole ya hau mota zuwa Kazerun ya roƙe shi ya dawo.

Aikin nan yana da ƙa'ida tun kakanni: ba a manna madubin da ya fi farcen babban yatsa, kuma kowanne sai an ɗan karkata shi. Wanda ya shigo ziyara kada ya ga fuskarsa, ya ga haske kawai, fitila ɗaya ta zama dubu. Yadollah ya iya bayanin nan ƙwarai. Ya jawo aya, ya jawo baiti, ya ce zuciya ma sai ta daina kallon kanta hasken Ubangiji ke sauka a cikinta. Baki kam akwai shi.

To, shekara goma sha tara da suka wuce, wata safiya sai ya tarar Nosrat ya manna madubi sukutum, faɗin tafin hannu, a bangon ɓangaren mata. Bai tambaye shi dalili ba. A gaban leburori da limami ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare shi, ya ce masa nan ba shagon aski ba ne. Washegari Nosrat ya kwashe iyalinsa ya bar gari.

Yanzu da Yadollah ya isa Kazerun, ya same shi a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, shi ma ya yi furfura. Aka kawo shayi da ƙwayar sukari.

"Yaya, ka tsufa," in ji Nosrat.

"Kai ma ai ba yaro ba ne." Kofin yana ta ƙara a kan faranti, sai ya ajiye shi. "Ka ga hannun dai. Ka zo mu ƙarasa rufin nan. Abin da ya wuce na yafe maka."

Nosrat ya yi 'yar dariya. "Ka yafe min. To madalla. Har yau ba ka tambaye ni abin da ya sa na manna shi ba."

"To me ya sa?"

"Inna ce. Ka san yanar ido ta rufe ta a lokacin. Ƙananan nan da kake taƙama da su ba ta ganinsu, duk duhu ne a wurinta. Kwana huɗu ina auna inda ranar hantsi ke shigowa, na saita shi ya jefa haske daidai gindin ginshiƙin da take zama. Ran da ta fara ganinsa sai da ta yi kuka, ta ce ashe Allah bai manta da ita ba."

Yadollah ne fa yake riƙo hannun tsohuwar ya kai ta hubbaren duk Alhamis, ya zaunar da ita, ya wuce wurin maza yana yi musu bayanin haske.

"Kafin in tafi ta tambaye ni ina hasken ya shiga," in ji Nosrat. "Na ce mata rana ce ta sauya hanya, in bazara ta zo zai dawo."

"Ba ta kai bazarar ba," Yadollah ya faɗa a hankali.

"Ba ta kai ba."

"Nosrat, don Allah. Ka zo ka mayar da shi da hannunka. Ko goma kake so ka sa."

Nosrat ya tura masa farantin sukari.

"Wa zai gani, Yaya? Sha shayinka, motar Shiraz ƙarfe uku take tashi."