'Yar Magini

Maginin da ya yi wa birnin gadarsa ta farko ya daɗe da rasuwa lokacin da hukuma ta mayar da gidansa gidan tarihi. 'Yarsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa, aka zube mata kayanta a bakin titi.

Ranar buɗewa ta lallaɓa ta bi baƙi ciki. A ɗakin da aka yanke mata cibiya ta ji jami'in gidan yana cewa marigayin bai bar baya ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ai ga ni."

Ya san ta sarai, don shi ya karɓe mata makulli. Ya dubi baƙi yana murmushi. "Kullum sai mun sami irinsu."

Aka yi dariya. Mai gadi ya ja ta waje.